An Ɗaure Shi da Waya

Fadan Kagoma,
10 ga Afrilu, 1972.

Ɗan'uwana Silvanus,

Gaisuwa mai yawa cikin sunan Ubangijinmu Yesu. Yaya aikin soja, yaya ruwan Fatakwal? Yaya tarin nan naka? Ina fata ɗanyar cittar da na aiko maka a Kirsimeti ta yi maka magani. Ni da 'yata Hellen da ƙannenta muna lafiya.

Ka yi haƙuri da rubutuna, a kan gwiwa nake yi, mota tana jira. Ka san ranar Ista gwamnati ta ce kowa ya bar hannun hagu ya koma bin dama a kan hanya. Mijina Kambai ya ji, don har a majami'a an yi sanarwa sau biyu. Amma abokin nan naka ka san kansa. Wai dokar ta masu mota ce, ina ruwan gwamnati da keke. Ranar Alhamis ya ɗaura buhun busasshiyar citta zai kai kasuwar Kafanchan, ya kama hagunsa kamar yadda ya saba tun yana saurayi. A kwanar da ke kafin gada suka haɗu da wata akori-kura. Ya ji ciwo, keken kuma ya tashi aiki. 'Yan sanda sun zo sun auna hanya, sun ce direba ba shi da laifi, Kambai ne ya karya doka.

Daga Kafanchan aka wuce da shi Kaduna. Fasto ne ya bi su, shi ya dawo mini da labari. An ɗaure shi da waya, sun ce sai bayan sati shida. Ba ya magana da kowa. Yau zan tafi in gani da idona.

Silvanus, ban taɓa roƙonka komai ba, yau na roƙe ka. Abin da ke hannuna bai wuce kuɗin mota ba. In kana da hali ka aiko ta hannun Fasto. Abu ɗaya ya rage mana mai daraja, irin cittar Kaka da ke cikin rami a gindin mangwaro, buhu huɗu, ga shuka ta matso. Ba na so hannuna ya kai can.

'Yar'uwarka,
Afiniki.

*

Bariki, Fatakwal,
24 ga Afrilu, 1972.

Maman Hellen,

Na amsa gaisuwarki, na kuma gaishe ki da yara. Ina lafiya, tari ya yi sauƙi, cittarki ta yi aiki, na gode.

Wasiƙarki ta yi kwana goma sha biyu a hanya. Da na karanta sai na zauna a bakin gado. Mutum ya faɗi ya ji ciwo, maimakon a kai shi wurin magani sai a jefa shi kurkuku sati shida saboda keke? Har da waya? Afiniki, lokacin yaƙi na ga yadda ake ɗaure mutum da waya, na san abin da take yi wa wuyan hannu. Ban taɓa gaya wa kowa a gida ba, yanzu ma ba zan faɗa ba. Ki dai sani ban iya cin abinci ba ranar.

Ki kwantar da hankalinki, na riga na yi abin da ya kamata. Fam goma sha biyar nake da su, waɗanda nake tarawa don in yi aure ku daina yi mini dariya. Na aika da su duka ta gidan waya zuwa ga Alexander, wanda muka yi soja tare, yanzu yana gadi a Kaduna. Ya san bakin kotu, ya san wanda ake gani. Na ce ya nemo Kambai a gidan yari ya biya tara a sake shi. Ban aika wa Fasto ba, domin Fasto mutumin Allah ne, irin wannan ƙofa bai san yadda ake ƙwanƙwasa ta ba.

Kin ce ba ya magana da kowa. Shi ne Kambai, in ya yi fushi haka yake. Kin tuna ranar da Kaka ta ce shi ya bar awaki suka shiga gonar citta, alhali ni ne? Kwana uku bai ce uffan ba, bai kuma tona ni ba. A rana ta huɗu sai muka ji fitonsa daga tsallaken rafi, gajere biyu dogo ɗaya, na bar tuwo na ruga. Har yau in na ji wani ya yi fito a bariki sai na waiwaya.

Irin Kaka kuwa, kada ki taɓa. Kakana da kakarki ciki ɗaya suka fito, in za a bi lissafi ni da ke dangin nesa ne. Amma ranar da aka kawo ni gidanta maraya ba ta tsaya lissafi ba, tabarmarki ta raba mana biyu. Da cittar nan ta yi mana kuɗin makaranta. Sau nawa ta ba mu labarin shekarar da fara ta cinye dawa, yadda ta taka har ƙasar Jaba ta yi kwana uku tana yi wa wani noma, ladanta ƙwarya ɗaya ta iri? Mu muna gyangyaɗi, ita tana maimaitawa. Na san ni ne ragon gidan, in an ce a ɗebo ganyen rufe shuka sai a same ni a kan ɗorawa. Duk da haka ina jin ƙanshin ramin nan in an buɗe shi, har nan inda nake.

Kafin ruwa ya zauna Kambai zai dawo gida ku yi shuka.

Naki,
Kofur Silvanus.

*

Kaduna,
30 ga Afrilu, 1972.

Ɗan'uwana Silvanus,

Ina gaishe ka cikin sunan Ubangiji. Ina fata lafiya ce ta sa ka yi shiru. Sati uku ke nan da na rubuta maka. Duk wanda ya zo daga gida sai na tambaye shi ko Fasto ya ba shi saƙo, su ce babu. Na ce ko an yi maka canjin bariki.

Yau na sami zama, bari in gaya maka yadda muke. Fuskar Kambai ce ta bugi katakon motar. Muƙamuƙinsa na ƙasa ya karye wuri biyu, haƙora uku sun fita. A Kafanchan suka ɗinke haɓar, suka ce gyaran ƙashin sai babban asibiti. A nan likita ya bi haƙoransa ɗaya bayan ɗaya da siririyar waya, ya haɗe na sama da na ƙasa ya murɗe. Ranar da na fara ganinsa ban gane shi ba sai ta ƙafafunsa.

Ta giɓin haƙoran nan uku yake rayuwa. Ana zura wata siririyar roba a ciki, ya zuƙi abin da ya iya wucewa. Tuwo babu, doya babu, ko kunu sai na tace shi sau biyu. Likita ya ce madara da ƙwai da romo, in ba haka ba ƙashi ba zai kama ba. Silvanus, mu da muke sayar da ƙwai mu sayi gishiri, yau ni ce nake sayen ƙwai a Kaduna. Madarar gwangwani biyu yake sha a rana, kuma kullum ramewa yake. Wandon da ya zo da shi sai da na ƙara masa igiya.

Wata nas ta rataya mini filaya a wuya da zare. Ta ce, "Madam, wannan shi ne mijinki yanzu. In ya fara amai, ki yanka waya kawai, kar ki jira ni." Da ita nake zuwa kasuwa, da ita nake sujada. Matan ɗakin suna kirana makanike.

Kada ka ɗauka asibitin ne ya cinye mu, abin da suka karɓa ba shi da yawa. Zaman ne. Ɗan ɗakin da na kama a bayan asibiti, itace, ruwa, magani in nasu ya ƙare, motar da nake shiga duk sati in duba yara. Zumuntar matan majami'a sun yi baiko, sun tara kuɗi sun aiko, Allah ya sāka musu, ya yi mana kwana shida. Na sayar da akuya, na sayar da alade tun bai isa sayarwa ba. Hellen tana gida, kuɗin makarantarta ya zama madara. A can kuma ruwa ya sauka, kowa ya yi kaftu, gonarmu ce kaɗai ciyawa.

Allon makarantar Hellen na kawo masa, da shi muke hira. Yana rubuta abu ya nuna mini, in karanta, ya goge da gefen hannu. Shekaranjiya na ce masa Mijinyawa, ɗan kasuwar nan na Kafanchan da ke sayen cittarmu, ya ce in mun matsu zai karɓi irin da daraja. Sai ya fizgi allon har alli ya karye, ya rubuta, "Kar ki taɓa. Silvanus zai aiko." Bai goge wannan ba, ya jingina allon a kan gado yana kallona.

Ina da abin da zai kai mu kwana bakwai. Ka rubuto, ko babu komai a ciki.

'Yar'uwarka,
Afiniki.

*

Fadan Kagoma,
14 ga Mayu, 1972.

Silvanus,

Ina gaishe ka. Muna nan da rai. Kambai yana Kaduna tukuna, sauran mako guda a kwance shi.

Jiya na zo duba yara, Fasto ya miƙo mini wasiƙarka ta watan jiya. Ashe tana Kafanchan cikin akwatin gidan waya, ba a sami mai zuwa ɗauka ba. Na karanta a tsaye. Na sake karantawa a zaune. Sai na fara dariya, Fasto ya zaci labari mai daɗi ne, har ya ga dariyar ta ƙi tsayawa ta koma wani abu.

Kurkuku, Silvanus? Wa ya ce maka kurkuku? Baki aka ɗaure masa, baki! Na je na yi ta tunanin abin da na rubuta ranar, na gane ban sa kalmar ba, ina sauri. To amma kai da Kaka ta kashe wa kuɗi har aji bakwai, ba ka iya tambaya ba? Na ce ba ya magana, ka ce fushi ne.

Bari ka ji ƙarshen kuɗin aurenka. Ranar Laraba, kafin in ga wasiƙarka, wani mutum ya zo asibiti yana neman matar Kambai na Kagoma, da kaza a hammata. Shi ma Kambai ne sunansa, mutumin wajen Zangon Kataf. An ɗaure shi ne saboda ya fasa wa wani kai a gidan burkutu. Ya ce yana zaune sai aka kira shi, wai ɗan'uwansa soja ya biya masa tara. Ya ce shi ba shi da soja a danginsu, amma da ya ga ƙofa a buɗe bai tsaya gardama ba. Abokinka Alexander bai ci ko kwabo ba, ka san wannan. Ya shiga ya tambayi Kambai, aka fito masa da Kambai. Sai a waje da suka zauna shan shayi ya tambaye shi labarin keke, mutumin ya ce bai taɓa hawa ba. Su biyun suka yi kwana da kwanaki suna bin sawunmu. A lokacin ban fahimci kan zancen ba, na karɓi kazar na yi godiya. Na dafa, na tace, Kambai ya zuƙe romon fam goma sha biyar ta roba.

Yanzu ka ji nawa. Ranar takwas ga wata na buɗe ramin. Ni kaɗai na buɗe, ban bari yara sun gani ba. Duk ta fara tsiro, irin nan da ake kira tafin giwa, mai kyau, ba ruɓaɓɓe ko ɗaya. Mijinyawa ya zo da kansa, ya ce, "Maman Hellen, ki bar ko rabin buhu mana." Na ce ya auna duka, don na riga na san rabin buhun nan madarar kwana nawa ne. Bai taya ba, abin da na faɗa ya ba ni. Yau da sassafe na je wurinsa ko zan sami ko ƙwarya ɗaya in mayar, ya ce tun ranar ya haɗa da ta mutane ya loda Kano. Shekara arba'in tana gidanmu, yanzu tana cikin miyar wasu.

Ban gaya wa Kambai ba. Allon yana nan a jingine yadda ya bar shi.

Ina fushi da kai, ba zan ɓoye ba. Ina fushi da kaina, da keke, da wanda ya ce a canja hannu. Amma na san kuɗin aurenka ne, kuma duka ka bayar.

Afiniki.

*

Bariki, Fatakwal,
29 ga Mayu, 1972.

'Yar'uwata Afiniki,

Ina gaishe ki, ina gaida Kambai da jiki. Allah ya ƙara sauƙi.

Wasiƙunki biyu rana ɗaya suka iso, na karanta su a jere. Laifin nawa ne. Kin rubuta waya, ni kuwa abin da na gani a daji shi ya tsaya mini a ido, ban ga sauran takardar ba. Da na bi maganarki na aika wa Fasto, da yanzu irin yana cikin ƙasa. Ki yi fushin, ya dace da ni.

Akwai kuma wata ƙarya da zan amsa. Na ce miki cittarki ta yi aiki. Ban sha ba. Kin san tun muna yara ba na son yajinta, in Kaka ta dafa mana sai in zuba a bayan rumbu in dawo ina lashe baki. Ranar da saƙonki ya iso na tura ƙullin cikin wani tsohon kwano a ƙarƙashin gado, na ce sai gobe. Tari ya gaji ya tafi don kansa, ni kuma na manta.

Da na gama karanta wasiƙarki sai na tuna. Na durƙusa na jawo kwanon. Afiniki, kin san garin nan ko takalmi ka ajiye sai ya yi tsiro. Wasu sun ruɓe, amma sauran sun huda tsumman sun fito, farare, suna neman haske. Na kakkarya yadda Kaka take yi, kowane yanki da idonsa, na sami goma sha ɗaya. Daga ramin nan kika ɗebo ta, ko ba haka ba? In haka ne, ita ce.

Ban yarda da gidan waya ba kuma. Na ba Bartholomew, mutumin garinmu da ke zuba wa jirgin ƙasa kwal, zai sauka Kafanchan ranar Asabar. Na naɗe su cikin ɗanyen ganyen ayaba na sa a kwanon, na ce ya ajiye nesa da wuta. Har da fam biyu na albashin wannan wata.

Na san goma sha ɗaya ba buhu huɗu ba ne. Na san kuma lokaci ya ɗan wuce. Ki gwada.

Ragon gidan Kaka,
Silvanus.

*

Fadan Kagoma,
17 ga Disamba, 1972.

Ɗan'uwana Silvanus,

Gaisuwar Kirsimeti cikin sunan Ubangijinmu. Muna lafiya, yara suna gaishe ka. Na daɗe ban rubuta ba, da fari fushi ne, daga baya kuma aiki. Wasiƙunka uku duk sun iso, da abin da ke ciki, mun gode.

An kwance wa Kambai waya a ƙarshen Mayu. Ƙashi ya kama, amma ya ɗan karkace, bakin ba ya buɗuwa sosai. Yana cin tuwo in ya yi laushi. Nama da rake sai kallo. A mota muna dawowa na gaya masa zancen irin, don kada ya je ya tarar da rami a buɗe. Muka yi ta tafiya har Kachia. Can sai ya ce, a hankali, don maganar tana yi masa nauyi, "Da ni ne ma, zan sayar." Ban san ko gaskiya ya faɗa ba, amma na karɓa.

Bana ba mu ga kuɗin citta ba. Gwaza da acca muka shuka a rabin gonar, rabi ya kwana. Kambai yana yi wa mutane ƙodago, shi da a da yake ɗaukar mutum biyar. Keke yana rataye a rumbu ba ƙafar gaba. Hellen ta rasa shekara ɗaya, za ta koma a Janairu in Allah ya yarda. Kambai yanzu a ƙasa yake zuwa Kafanchan, kuma ko a hanyar rafi ka gan shi yana bin hannun dama.

Kwanonka ya iso lafiya. Ban kai yankunan cittar gona ba, a bayan ɗaki muka shuka, inda Kaka take shanya barkono. Kambai ya kewaye wurin da ƙaya, ya ɗebo ganye ya rufe da hannunsa. Kowace safiya kafin ya wanke fuska sai ya je ya tsuguna a wurin. Bakwai suka fito, huɗu suka ƙi. Ranar da na farko ya huda ganye na gan shi ya miƙe ya juya wajen rafi, ya tattara leɓe zai yi fiton nan naku. Iska ce kawai ta fita ta giɓin. Ya sake gwadawa, sannan ya bari. Na koma ɗaki kamar ban gani ba. Ya ce in gaya maka, in ka zo hutu kai za ka yi kira daga tsallake, shi zai ɗaga hannu.

Jiya muka tona. Ƙwarya ɗaya ta cika, har da ɗan tozo. Na tsaya ina kallonta, sai na ji muryar Kaka tana ba da labarin nan da muke gyangyaɗi a kai. Da ƙwarya ɗaya ta fara ita ma. Na yi kuka, ba na jin kunyar faɗa. Ba za mu sayar ba, ba za mu sa a miya ba. Kambai ya ce in Allah ya ba da rai da ruwa, shekara huɗu ko biyar za mu koma buhu huɗu. Ya riga ya share ramin.

Bartholomew zai kawo maka kwanonka. Ba wofi zai dawo ba, na zaɓi mai ido uku na naɗe a tsumma na sa a ciki. Na ji an ce tarinka ya dawo. Ka je asibitin bariki su ba ka magani. Wannan kada ka sha, ka tura ta ƙarƙashin gado ka manta da ita.

'Yar'uwarka,
Afiniki.